Na Hau Mambila Neman Ciyawar Dada

Kwarbai, kafin asuba

Ladanin unguwarmu bai ko gyara murya ba na riga na tashi ina haɗa jaka. Uwargida Rabi tana riƙe da fitila tana kallona ina ninke babbar rigata ta farar shadda, wadda na yi wa aiki da hannuna har idona ya kusa tsiyaya.

Ta ce, “Malam, dutse fa aka ce za ka hau, ba ɗaurin aure ba.”

Na ce, “Gidan surukai za ni, Rabi. Ina kika taɓa ganin ango ya je gaida surukai da ’yar shara?”

Surukan da nake nufi dangin kakata ne, Dada, wadda ta haifi babana. Tun ina rarrafe take ce mini angonta, ni in ce mata amarya, kullum muna faɗa a kan cefanen da ban kawo ba. Bafulatanar dutsen Mambila ce. Kakanmu ya auro ta zamanin da yake fataucin tufafi, ta shigo Zariya ba ta ƙara komawa ba. Yanzu ido ya tafi, ƙafa ta yi nauyi, amma baki kam, ko reza ta ji kunya.

Abin da ya tayar da ni shi ne wannan. Da damina na je biki Jos, na dawo ƙafar wandona cike da wasu ’yan ƙayoyi masu maƙalewa. Dada ta shafa ta ji su, sai ta ciro ɗaya tana murzawa a yatsa. Can ta ce, “Wannan ƙanwar ce. Ina yayar?” Ta ce a garinsu ciyawar iri biyu ce, ’yan gida ɗaya, kowace da ɗan furenta shuɗi. Tana yarinya ita ke cire su daga rigar wanta in ya dawo kiwo, kuma da su take gane inda ya kai shanu: in ƙanwar ce bakin hanya ya bi, in yayar ce ya saci jiki ya gangara rafi, sai ta kai ƙara.

Kwana da kwanaki ba ta da zance sai wannan. Baffa Lawal, ɗanta kuma mai gidanmu, ya ce a tsakar gida, “Ku ƙyale ta, tsufa ne, ta fara ruɗewa. Ƙaya ai ƙaya ce.” Ya ɗauka ba ta ji ba. Daga ranar aka daina kawo mata shawarar gida, ita kuma ta daina magana, tuwo ma sai ta taɓa ta ture. Na je da tsokana iri-iri, ko tari ba ta yi mini ba.

Na garzaya wurin abokina Malam Isiyaku, wanda yake aikin adana tsirrai a Samaru. Ya duba ƙayar da gilashinsa ya ce Turawa na kiran dangin wannan ciyawa da suna mai ma’anar “kar ka manta da ni”, kuma a kan duwatsu masu sanyi takan fi iri ɗaya, amma shi bai taɓa hawa Mambila ba. Ya ba ni tsofaffin jaridu da allunan katako biyu, ya koya mini yadda ake danne fure a tsakani. Ni kuma na ƙara da gwangwanin madara, don in zo da ita da ranta.

Kafin in fita na leƙa ɗakin Dada. Tana zaune da carbi.

“Amarya, angonki zai tafi ya ɗauko miki lefe.”

Ta ce, “Allah ya tsare, Tanimu.”

Tanimu! Ni da ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na saɓa jaka na fita.

Zariya zuwa Jos

Na yi sallah a masallacin bakin tasha, na sami tasi mai dogon baya saura mutum ɗaya, kuma mutum ɗayan nan ni ne da tumbina. Direban ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Alhaji, kai ai mutum biyu ne.”

Na ce, “Ɗayan ba ya biyan mota, jariri ne.”

Aka cusa ni baya tsakanin wani mai buhun barkono da wata mata mai kaji. Mun yi atishawa tun daga Pambeguwa har Saminaka, mu da kajin gaba ɗaya, har direba ya ce mu riƙa yi bi da bi don motar na karkacewa. A Saminaka muka sha koko da ƙosai mai zafi. Da hantsi sai ga duwatsu sun fara leƙo mu, iska ta sauya, kafin azahar muna Jos. Ban tsaya ba. Ƙanwar da ke can na riga na san ta, ita ta jawo mini wannan tafiya. Na ci dankali da ƙwai a tsaye, na faɗa bas ɗin Shendam.

Shendam da Ibi

Gangarowa daga Jos kamar a sauke mutum daga randa a jefa shi tukunyar tuwo ne. A Shendam na kwana a zauren wani Bakano mai sayar da goro, wanda ya tambaye ni sana’ar da ta kawo ni. Na ce ciyawa na zo nema. Ya ce ta dabbobi? Na ce ta kakata. Ya daɗe yana kallona, sannan ya janye buhun goronsa zuwa cikin gida.

Da safe muka isa bakin kogin Binuwai. Jama’a, ni ɗan Zariya ne, babban ruwan da na sani shi ne Kubanni in ta yi fushi. Wannan kuwa na duba ban ga ƙarshensa ba, na tambayi wani ko can tsallaken Makka ne. Aka hau da motoci kan jirgin fito, mu muka tsaya a gefe. Na kama ƙarfe da hannu biyu, na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban haddace ba. Wata mai kifi ta ce, “Baba, saki ƙarfen mana, ai ba mu tashi ba tukuna.”

Muka sauka Ibi lafiya, na ci kifi banda wanda ya kai tsawon hannuna, na yafe wa kogin.

Wukari, Bali, Serti

Daga Wukari a-kori-kura ce ta ɗauke mu. A lokacin duk yankin nan Jihar Gongola ake ce masa, kuma hanyar Bali ba hanya ba ce, ramuka ne aka jera aka bar ɗan fili tsakaninsu don gaisawa. Direbanmu, wani siriri da ake kira Ɗan Jalo, ba ya kauce wa rami, wai in ka kauce wa ɗaya ka ɓata wa sauran rai. Sau biyu muka sauka turi. Na biyun na tsaya a baya ina ba da umarni, taya ta watso mini jar laka har cikin kunne. Na gode Allah babbar riga tana cikin jaka.

A Serti na kwana a ɗakin baƙi na tasha. Da na fito alwalar asuba na ɗaga kai, sai na ga wani baƙin bango ya tokare sama.

Na ce, “Ɗan Jalo, hadari ne wancan?”

Ya ce, “Hadarin da za ka hau ke nan.”

Hawan dutse

Daga Mayo Selbe aka fara hawa. Hanyar tana nannaɗe dutsen kamar rawani, dama bango, hagu kuwa ba komai sai rahamar Allah. Motar na nishi, mu na nishi. Na leƙa sau ɗaya na hango shaho yana shawagi a ƙarƙashinmu, ban ƙara leƙawa ba. Wani tsoho kusa da ni yana cin gyaɗa hankali kwance, na ce masa, “Baba, ba ka tsoro?” Ya ce, “Ai saukowar ce abin tsoro.” Allah ya saka masa.

Sai kawai muka ɓulla sama. Wayyo, jama’a! Ƙasa ce shimfiɗe kore shar, tudu bayan tudu kamar an jera ƙwarya a kife an lulluɓe da darduma, shanu jajaye da farare a warwatse, gajimare na yawo a ƙasa yana shiga tsakanin mutane ba sallama. Sanyi ya mare ni. Na ce ashe daga nan aka ɗauko Dada aka kai ta cikin ganuwa da zafin bazara, kuma ba ta taɓa cewa uffan ba. Na yi alkawarin biyan ta rabin cefanen da take bina.

Nguroje

A kasuwar Nguroje na shiga bayan wata rumfa na fito da babbar riga, na karya hula, na fesa turare. Na yi tambaya da sunan wan Dada da na mahaifinsu, aka yi ta miƙa ni daga mai nono zuwa mai shayi, har aka haɗa ni da wani dattijo dogo mai sanda a kafaɗa, Jauro Hammadu. Ɗan wan nata ne, wato ɗan wanda take kai ƙararsa in ya gangara rafi.

Da ya gane ko ni wane ne, sai ya saki sandar ya rungume ni. “Goggo tana da rai? Tana da rai?” Ya yi ta maimaitawa. Muka taka zuwa rugarsu, mata suka fito ana ta “Jam na? Jam na?” ni kuma ina ta “Jam, jam,” iyakar Fulatancin da na gada ke nan. Aka kawo kindirmo mai kauri wanda cokali ke tsayawa a ciki ya yi sallama, da tuwon masara, da fiya kamar kan jariri.

Na faɗi abin da ya kawo ni. Jauro ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Kaɗo, ka ƙetare Binuwai saboda abin da muke zagi kullum? Ga ta nan ko’ina, ta hana jelar maruƙa sakat.”

“Iri nawa ce?”

“Biyu mana. Ta hanya da ta rafi. Wa bai san wannan ba?”

Na miƙe tsaye na yi kabbara har kare ya gudu.

Da safe, bayan hazo ya ɗaga, muka fita. Jauro ya dubi rigata ya ce in bari ya ba ni kwat. Na ce ango ba ya sa kayan aro a garin surukai. Ya ce to.

Ƙanwar muka fara samu a bakin turbar shanu. Tsayinta ya kai gwiwa, ganyenta siriri mai kaushi, rassanta a baje kamar yatsun mai roƙo. Furen ƙanƙane ne ƙwarai, sai ka durƙusa, fari-fari da ɗan shuɗi a tsakiya, irin shuɗin rigar da ta sha wanki ta gaji. ’Ya’yanta huɗu-huɗu a manne, kowane bai fi ƙwayar gero ba, ƙaya ta rufe shi ko’ina kamar bushiya. Na kutsa ciki na tsinko, na danne a jarida.

Sai muka gangara rafi. Tun daga nesa na hango ta a inuwar bakin ruwa, na ce, “Jauro, wa ya zubar da baban rini a nan?” Shuɗi ne na gaske, irin wanda marina ke fitarwa a tsomi na ƙarshe. Ni da nake sana’ar zare, ban taɓa samun zare mai wannan launi ba. Furen ya fi na ƙanwar girma, kunnuwa biyar da ɗan ido a tsakiya. Ganyen ya fi faɗi da laushi, jikinta ya fi tsayi. ’Ya’yan su ma huɗu-huɗu, amma manya, masu faɗi kamar ɗan faifai, ƙayar ta yi musu kewaye a baki, tsakiyar kuwa sai ɗaiɗai. Ka ajiye su gefe da gefe, ka san uwa ɗaya ta haife su, ka kuma san ba mutum ɗaya ba ne.

Murna ta sa na manta ƙasar jiƙe take. Na ɗaga ƙafa zan taka wani dutse, dutsen ya ce bai san zancen ba. Na tafi da mazaunai tun daga saman gangare har bakin ruwa, ta tsakiyar ciyawar, riga ta buɗe kamar lema. Mutanen rugar sun ce sun ji ƙarar, sun ɗauka saniya ce. Da na tashi, farar shaddata ta koma rigar bushiya, ƙaya dubu bisa dubu.

Jauro ya zauna a ƙasa don dariya. Na ce, “Don girman zumunci, wannan magana ta tsaya a rafin nan.” Ya ce shi bai ga komai ba, yana share hawaye.

Muka haƙo yayar da saiwarta muka dasa a gwangwani, na danne wasu a jarida. Rigar kuwa na gwada cirewa, in na cire ɗaya biyu su kama hannun riga, na haƙura na dunƙule ta a gindin jaka. Kwat ɗin da na raina shi na sa. Da zan tafi Jauro ya ba ni man shanu a kwalba, ya ce in gaya wa Goggo har yanzu ana faɗin sunanta a gidan.

Komowa

Tsohon nan bai yi ƙarya ba, saukowar ce abin tsoro, amma ni hankalina na kan gwangwani. Na rungume shi kamar jinjiri, ina ba shi ruwa da murfin buta. Kusa da Serti aka tsayar da mu a shinge. Wani ɗan sanda ya leƙo ya ce, “Me ke cikin katakon nan?”

“Ganye ne, ranka ya daɗe.”

“Ganye?” Ya gyara tsayuwa. “Sauko.”

Ya kwance, ya shinshina, ya kira na biyu ya shinshina. Na ba su labarin Dada tun daga aurenta. Kafin in kai Jos a labarin, layin motoci ya taru, suka ce in tafi don Allah. Sai da muka yi nisa na ga ɗayan yana fama da hannun rigarsa, ƙanwar ta kama shi.

Zafin Bali ya fara taɓa ’yar gwangwani. A Wukari ta sunkuyar da kai. Na yi mata fifita da hula, na yi mata inuwa da jikina, wanda ya isa inuwar mutum uku, amma kafin Ibi ta zama kamar dafaffen rama. Na ce ba komai, akwai na jarida. Muna tsakiyar kogi sai hadari ya taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ba wurin fakewa. A Shendam na buɗe allunan: jarida ta zama fate, furen ya narke cikin labaran duniya, shuɗin nan ko alama.

Daga nan har Zariya ban yi wa kowa wasa ba. Wani direba ma ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Gida

Da la’asar na shigo Kwarbai. Na ajiye jaka wurin Rabi, na yi wanka, na yi ta jan ƙafa, sannan na shiga ɗakin Dada. Baffa Lawal yana ciki, Malam Isiyaku ma ya ji labari ya zo da gilashinsa.

Na durƙusa na ce, “Dada, na je. Jauro Hammadu ɗan wanki yana gaishe ki, ga man shanu. Ciyawa kuma biyu ce, na gani da idona. Amma furen ya mutu a hanya.”

Baffa ya ce, “To, ai ka ji. Mu dai ba mu gani ba. Kai kuma, Tanimu, a bakinka ɓera ma giwa ne.”

Gaskiya kuwa ya faɗa.

Dada ta ce, “Fure? Me zan yi da fure, ni da ba na gani? Wace riga ka sa?”

Na dafe kai. Na yi tafiyar da ta kusa kashe ni ina lallashin launi, saboda matar da ke gani da yatsa! Na ƙwalla kira, “Rabi! Ina babbar riga?”

“Na aika wa Mamman mai wanki tun ɗazu, in ya gama ya kai bugu.”

Jama’a, mutanen unguwa har yau suna ba da labarin gudun nan. Ba takalmi, ba hula, tumbi na gaba ina binsa. Na tarar da Mamman ya shimfiɗa rigar a kan dutse, ya ɗauko wuƙa zai kankare, yana ta mita wai wannan ba wanki ba ne, kaftun gona ne. Na fizge rigar na juyo, yana kira, “Malam, ko sisi ban taɓa ba!”

Na shimfiɗa ta a cinyar Dada. Ta ɗora hannu biyu, ta bi ta a hankali tun daga wuya. Ta ciro ɗaya ta murza ta ajiye a dama. Ta ciro wata, ta daɗe tana juya ta, ta zagaya gefenta da farce. Ta ce, “Ga ki nan.” Ta ajiye a hagu.

Muka zuba mata ido. Yatsun nan da ke rawa in za su ɗauki kofi suka riƙa tafiya kamar na yarinya, dama, hagu, hagu, dama, har aka tara tsibi biyu a kan faifai. Malam Isiyaku ya duƙa da gilashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago yana murmushi ya ce, “Iri biyu ne, kuma ko ɗaya ba ta saka a gidan wata ba. Dada, a ba ni kaɗan in kai wurin aiki?”

Ta ce, “Ɗebi ƙanwar. Yayar tawa ce.”

Baffa Lawal ya ɗauki ɗaya daga kowane tsibi ya murza, ya sake murzawa. Sai ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ya ce, “Dada, dama akwai maganar rufin soron nan da nake so in ji ta bakinki.”

Ta ce, “Sai na ci abinci. Rabi, a sa mini man nan a tuwo.”

Ta ci gaba da shafa rigar, ta juya ta baya, sai ta tsaya. Ta shafa, ta ƙara shafawa.

“Ikon Allah. Ƙanwar duk a gaba take, wurin gwiwa. Yayar kuwa gaba ɗaya a mazaunai.” Ta juyo da fuska inda nake. “Ango, faɗuwa ka yi a rafin?”

Na ce, “Amarya, zama na yi in huta.”

“Tun daga sama har ƙasa? Wannan hutu da tsawo yake. Ni dai an cuce ni, an ba ni miji da ko tsayuwa bai iya ba.”

Rabi ta saki kwano don dariya, Baffa ya kifa kai a gwiwa. Ni kuwa ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Jauro Hammadu da mutanen gidansa, da Malam Isiyaku, da Ɗan Jalo da ramukansa, da Mamman da bai yi sauri ba. Yayar tana nan ƙulle a bakin zanen Dada. Rigar kuma ta hana a wanke, wai ita ce shaidarta in na ƙara cewa zama na yi.